Koren Ƙwai na Malam Garba

Akwai wata ranar Talata da har yau ba ta fita daga raina ba, lokacin ina babban ma'aikaci a shagon gyaran kayan lantarki na Masta Yakubu, a bakin titin Nima. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya, ku saurara, don akwai aiki a ciki, akwai kuma magana.

Da hantsi wata dattijuwa, Mma Salamatu, ta shigo rungume da wani allo a cikin zane. Mijinta, Malam Garba, tsohon mai gyaran rediyo ne a unguwar Maamobi, ya rasu, ranar Juma'a kuma za a yi addu'ar arba'in. Allon shi ya haɗa da hannunsa: Bismillah ce rubuce da ƙananan ƙwayayen fitila da muke kira LED, koraye, tana rataye a zaurensa shekara da shekaru. Cajar allon ta ɓace a hidimar makoki, wani ɗan'uwansu mai karambani ya soka masa ta kwamfuta, layi guda ya ƙone. Ita dai so take allon ya haska ranar addu'a.

Layin da ya ƙone ƙwai biyar ne a cikinsa. Ta miƙo gwangwanin madara da ragowar ƙwai shida na marigayin. Ba suna, ba lamba, ba kwali. Irin tsohon koren nan ne mai sanyi kamar ɗanyen ganye, wanda ko kasuwar Makola ka zaga ba za ka samu ba, na yanzu sai su kashe maka ido. Ke nan ɗaya kaɗai muke da damar ɓatawa.

Ga wanda bai sani ba, LED ba ya faɗin abin da yake ci. Kowane iri da nasa ƙarfin lantarkin, wanda ake aunawa da bolt. Ka ba shi ƙasa da haka, ya yi shiru. Ka zarce ba tare da kariya ba, ya yi ƙyas sau ɗaya, shi ke nan. Launi ma yaudara ne, domin sabon kore yakan ci bolt uku da ɗoriya, tsoho kuwa bai kai nan ba.

Masta Yakubu gwani ne a aiki, ban taɓa ganin ya ƙona abu don gaggawa ba. Amma Badagombe ne, a titin Nima ya tsinci Hausarsa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya juya allon, ya ce, "Mma, kai zauna. Wutan maigida ne ba mu sani ba. Za mu ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan, har mu ga nawa zai iya ɗauka."

Mma Salamatu ta tashi, ta ɗora tafin hannunta a kan allon.

"Yakubu, me ka ce za ka ƙara wa Malam?"

"Wuta, Mma. Kaɗan ne, ba zai ji ba."

"A'uzubillahi. Kwana da kwanaki ina roƙon Allah Ya nisanta shi da ita. Ba ni kayana."

Masta ya dube ni, bai gane inda ya taka ba. Na matsa kusa na faɗa masa da yaren Twi cewa kalmar da muke kiran lantarki da ita, ita ce sunan gidan azaba, kuma ya haɗa ta da mamaci har sau biyu. Ya cire hula, ya durƙusa, ƙaton mutum kamarsa.

"Mma, kai yi haƙuri. Bakina ne. To me zan ce?"

Ta ce, "Haske. Ka nemo masa haske."

Ta koma ta zauna, amma ta jawo kujerar har jikin teburin aiki.

Masta ya zaɓi ƙwai ɗaya. Doguwar ƙafar ƙwan ita ce ta shigar lantarki, gajera ta fita. Ya ɗaura razista a doguwar, wato ƙaramin abin da ke rage gudun lantarki don kada ƙwan ya sha fiye da cikinsa. Ya haɗa da na'urar da ake murɗa ƙarfinta daga sifili, ni kuma na riƙe bakunan mita a ƙafafun ƙwan ina karantowa.

"Ɗaya," na ce. Babu komai.

"Ɗaya da rabi." Babu komai. Mma tana jan carbi.

Masta ya ƙara murɗawa kamar mai tsoron tada jariri. Can wani ɗigon kore ya fito a tsakiyar ƙwan, ya yi ta kumbura har ya cika shi. Mita ta tsaya a biyu da ɗigo ɗaya. Da mun bi launi mun ba shi uku kai tsaye, da ya bi 'yan'uwansa da suka ƙone.

Sauran lissafi ne. Biyar a jere, kowanne biyu da kaɗan, ga razistar da marigayin ya sa a kowane layi, cajar bolt goma sha biyu ce ta dace. Muka cire ƙonannun, muka liƙa sabbin da dalma, muka kunna. Bismillah ta fito cikakkiya, ba ka bambanta layin da muka gyara. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, ƙwan da ba ka sani ba, daga sifili ake fara masa, haka ma mutumin da ya shigo da kayan mamacinsa. A shagon nan ba a sake cewa wuta a gaban mai makoki ba.

Da za ta tafi, Masta ya miƙa mata gwangwanin da ƙwan da ya rage, wanda muka yi gwaji da shi. Ta zazzage shi a tafin hannun Masta, ta naɗe masa yatsu a kai.

"Riƙe," ta ce. "Kai ka fara ganin haskensa."