Matar da ta ce agogonta ne ya yi ƙarya

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne makomarmu. Da hantsin Laraba, tara ga watan Yuli, labari ya iso mana a ɗakin sarrafa wuta cewa motar aiki ta kife da ke a hanyar dawowa daga wata tasha ta bayan gari. Direba ya tsira da karaya. Ke kuwa, Injiniya, kafin a kai ki asibiti rai ya yi halinsa.

A kamfaninmu na rarraba wutar lantarki, Mai Agogo muke kiranki. Kowace tasha tana da wani akwatin ƙarfe da ke karɓar lokaci daga tauraron ɗan'adam ta eriyar da ke kan rufi, ya raba wa sauran na'urori, domin bakinsu ya zo ɗaya a kan lokaci. Kula da waɗannan akwatuna shi ne aikinki. Mukan tsokane ki cewa mai gyara agogon kamfani ba ta taɓa zuwa bikin kowa a kan kari ba. Sai ki yi dariya ki ce ba a ɗauke ki aikin gyara na gida ba. Yawancinmu ba mu san amfanin akwatunan nan ba. Ni ma ban sani ba, sai da Dogo ya rasu.

Dogo ma'aikacin layi ne. An kashe wuta domin su yi gyara, shugaban ayarinsu ya kira ni ta rediyo ya ce duk sun sauka, na mayar da wuta. Ashe Dogo yana kan turken lantarki, wutar ta kashe shi. Da aka buɗe bayanan na'urori, sai na tashar da ke ba layin wuta suka nuna na mayar da wuta kafin kiran ya shigo. Aka dakatar da ni, aka fara maganar kotu. Abokan aiki suka daina haɗa ido da ni. 'Yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce babanta ya kashe mutum. Har ni kaina na fara shakkar abin da kunnena ya ji.

Ba wanda ya aike ki. Kika ɗauki jakar kayan aikinki kika tafi tashar, kika jingina tsani kika hau rufi cikin zafin rana, kika bi wayar eriya da hannu har kika tarar da inda ruwan sama ya shige ta, ta yi tsatsa. Watanni ke nan akwatin bai ji daga tauraron ba. Na'urorin tashar sun koma dogaro da ƙananan agogonsu, suna ja baya kaɗan-kaɗan har tazarar ta kai 'yan mintuna. Fitilar gargaɗi tana ta ci a cikin ɗakin da ba mai shiga.

Wannan akwatin a ƙarƙashin kulawarki yake. Da kin gyara wayar kin yi shiru, ba mai sani har abada. Ina zaune a gaban kwamitin bincike kika shigo da guntun wayar a hannu. Shugaban kwamitin ya ce, "Injiniya, kin san abin da wannan magana za ta jawo miki?"

Kika ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Amma agogona ne ya yi ƙarya, ba wannan bawan Allah ba."

Aka wanke ni, na koma kujerata. Ke kuma aka janye ƙarin girman da ake shirin yi miki, aka ɗauke ki daga babban ofis aka ba ki tashoshin nesa, inda hanya duk ramuka ne. Na je gidanki godiya, kika kawo mini ruwa. Kika ce, "Malam, sha ruwanka. Ka je ka gaishe da matar Dogo, ita ce ba a mayar wa komai ba." Daga baya na ji cewa kin riga ni zuwa, kuma ba ki daina zuwa ba.

Tun daga lokacin ba ki sake yarda da abin da allo ya nuna miki daga ofis ba. Kowace eriya sai kin hau kin gani da idonki, ga ciwon gwiwa, ga nisan hanya. A kan wannan hanyar ajali ya same ki. Na san kwana idan ya ƙare ba makawa, na yi imani da haka. Duk da haka, da na ga maigidanki zaune a kan tabarma ya rungume jakar kayan aikinki da aka tsinto a gefen titi, na kasa ƙarasawa kusa da shi sai da aka riƙe ni.

Ya Allah, baiwarKa ta tsaya a kan gaskiya ranar da gaskiyar ta zame mata asara. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka jiƙan Dogo. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, da 'ya'yanta mata biyu, da mahaifiyarta wadda tsufa ya kama kuma ta ga wannan rana. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfinmu, Ya tsaya wa yaran nan kamar yadda uwarsu ta tsaya wa nawa. Amin.