Ƙafar Uwar Kunkuru

A Matameye ta yarintata, da zarar an gama roron gyaɗa sai gari ya koma na mata da yara. Maza sun tafi cirani Kano, har da babanmu. Bayan sallar isha'i, kakarmu Tabawa, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta zube mana gyaɗa a tabarma. Wanda bai ɓare ba, ba shi da tatsuniya. Ni da yayata Hadiza mukan matsa kusa da wutar, muna ɓarewa muna jefa ɓawon a ciki.

Kaka ba mai yawan dariya ba ce. Takan ba da labari kamar mai faɗin abin da ya faru a kasuwa jiya. "To, ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," in ji ta, mu kuma mu ce ta iso mu ji.

Wadda na fi riƙewa ita ce ta wata uwar kunkuru da ke zaune da 'ya'yanta a gindin kuka, nesa da ruwa, raɓa kawai suke lasa. Wata rana shamuwa ta sauka a kan kukar, ta ba yaran labarin wani tafki inda ake ganin sama a ƙasa. Tun daga ranar suka hana uwarsu sakat. Ita kuwa tana da tsohon ciwo a ƙafar baya, na jifan wani makiyayi, kuma ta san yashin hanyar ba zai ƙyale ƙafar ba.

Da damina ta zo ta ce a'a, sun yi ƙanana, shaho zai kwashe su a fili. Wata daminar ta sake cewa a'a, ƙafar ta kumbura. Ana nan sai ta lura babban ɗanta ya daina tambaya. Shamuwa ta dawo, ƙannensa suka ruga jin labari, shi ko kansa bai fitar daga ƙoƙo ba. Washegari da asuba uwar ta tashe su, ta ce a kama hanya.

Suka isa tafki. Yaran suka ga gajimare kwance a ruwa, autan har ya kai masa cizo. A hanyar dawowa ƙafar ta mutu, uwar ta ja ta har gida, kuma haka ta ci gaba da janta. Kaka ta ce shi ya sa ake ganin layi yana bin sawun kunkuru a yashi.

Hadiza ta ce, "Kaka, ai da ta tafi tun farko, kafin ƙafar ta yi tsanani."

"Da shaho ya samu kalaci."

Na ce, "Da ta ƙi zuwa gaba ɗaya fa?"

"Da tana da ƙafa huɗu, maigidana, da ɗan da ba ya ɗaga kai. Ƙafarta ce, ita ta zaɓa. Tatsuniya ta tafi abinta, ɓare gyaɗarka."

Na girma na zama tela a Damagaram, keken ɗinki ya cinye mini baya. 'Ya'yana biyu, Zainabu da ƙanenta Lawali, a birni aka haife su. Suka ji labarin gonar ƙanina a Ɗan Barto, suka nace mu je lokacin girbi, su kwana a bukka, su gasa tumu, su kori tsuntsaye. Na ƙi wata shekara domin Lawali bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, kuma ban yi nadama ba. Na sake ƙi domin likita ya hana ni doguwar tafiya. Sai wata rana ƙanin nawa ya kawo ziyara yana zancen geron bana, na ga Zainabu ta ci gaba da wanke-wankenta ko waiwaye ba ta yi ba. A makon muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muka ƙarasa a kan amalanke.

Bayan mun dawo na kwanta har sanyi ya wuce, kuma tun daga nan ban sake iya wuni a kan keke ba. Kaka ba ta taɓa cewa a tafi ko a zauna ba. Abin da na tsinta a wurinta shi ne a duba ciwon, a duba yaron, sannan mai ciwon ya yanke da kansa.

Ko na yanke daidai, ban sani ba. Lawali ya ce ba ya tuna komai na tafiyar. Zainabu kuwa yanzu jikoki gare ta, kuma duk girbi sai ta kwashe su zuwa gonar. Na taɓa tambayarta abin da ta fi tunawa. Ta ce, "Baba, kana kwance a bukka kana nishi, amma ka sa aka ɗage zanan ƙofa don ka riƙa ganinmu."