Malama Asabe da Gidanta Mai Hayaniya

Da Nana goye a bayana, kwandon abincinta a hannuna, labarin ya same ni. Na sauka daga keke a bakin layin kamar kowace safiya kafin in wuce aiki Kakuri, sai na hango tabarmi a ƙofar gidan da maza zazzaune. Wata maƙwabciya ta tare ni, ta riƙe mini hannu, ta ce, "Maman Habibu, sai haƙuri. Malama ta rasu bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hawan jini ne, in ji 'ya'yanta. Ta faɗi tana alwala, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa.

Mu iyaye mata muka yi cirko-cirko a layi, kowacce da goyo ko da ɗa a hannu. Kuka muke yi, amma ba zan ɓoye ba, akwai tambayar da kowacce ke jin nauyin furtawa a gidan rasuwa: yanzu wa za mu bar wa yaran nan?

Malama Asabe tsohuwar malamar firamare ce. Da ta yi ritaya sai ta mai da tsakar gidanta da ke Trikania wurin rainon yara, musamman na mata irina da ke fita tun da safe. Ni a kamfanin ruwan leda nake aiki, kuma ba a shiga can da goyo. Ta dalilin ɗana na fari, Habibu, na san ta.

A lokacin wani gidan raino nake kai shi, wanda ba zan kama sunansa ba, Allah ya san su. Gini ne mai fenti, ga zanen dabbobi a bango, ga talabijin, ga fanka. In ka wuce ta ƙofar da rana ko tari ba ka ji. Habibu ya haura shekara biyu ba ya cewa ko "Mama". Da yamma a miƙo mini shi jiki a sake kamar jiƙaƙƙen zane, yawu na dalala, in na ba shi abinci ya kau da kai. Babansa ya ce yaron mai sanyin hali ne. Uwar mijina ta ce a nemo hayaƙi. Ni kuwa tsoro ya cika ni, ban san ta inda zan kama ba.

A wani gidan suna Malama ta gan shi. Ba ta san ni ba, amma ta miƙo hannu ta karɓe shi. Ta tafa a kusa da kunnensa, ta ɗaga fatar idonsa, sannan ta dube ni ta ce, "'Yata, a ina yaron nan yake yini?" Na faɗa mata, har ina yabon wurin da natsuwa. Ta ce, "Natsuwa? Gidan da aka tara yara har rana ta take babu mai kuka, babu mai dariya, ki ji tsoronsa. Gobe ki je da tsakar rana, kada ki gaya wa kowa za ki zo."

Na je. Na tura ƙofar na tarar da su jere a kan tabarma, kowa ya yi laƙwas, babu mai motsi. A kan taga ga kwalbar maganin mura mai sa barci da cokali ɗaya. Yarinyar da ke tsaronsu ta ce mini, "Anti, kaɗan ne fa ake ba su, don su huta." Abin da na faɗa musu ranar ba zai rubutu a nan ba. Na saɓa ɗana a kafaɗa, muka je asibiti, daga can ban zame ko'ina ba sai gidan Malama.

Gidanta ba shi da abin burgewa. Darbejiya ce a tsakar gida, da tabarmi, da tarin yashi a gefe. Amma tun daga bakin layi kake jin su. A ƙasa take zama tare da yaran, duk da ciwon gwiwa. Da murafun kwalba take koya musu ƙirge, da yatsa suke zana baƙaƙe a yashi. Jariri ma hira take yi da shi, tana yi masa wanka tana gaya masa sunan kowace gaɓa. Na taɓa yi mata dariya na ce, "Malama, wannan me ya sani?" Ta ce, "Yana tarawa. Abin da kika zuba a kunnensa yau shi zai fito a bakinsa baɗi."

Da Habibu ta sha wahala. Watanni tana zaunar da shi a cinyarta, ta ɗaga kofi ta faɗa masa sunan abin, ta ɗaga takalmi, shi kuwa sai kallo. Ni na fara fid da rai, ita ba ta fitar ba. Wata rana da yamma na shigo ta ce, "Tsaya nan, kada ki yi magana." Ta nuna masa akuyar maƙwabta da ta leƙo, ya buɗe baki ya ce, "Akuya." Na durƙushe a wurin ina kuka. Yau yana firamare, yana karanta mini allunan shaguna in muna cikin keke, ko da yake har yanzu maganarsa na da nauyi.

Ba zan ce ba ta da zafi ba. Malama akwai faɗa. In ka kawo wa yaro biskit da lemon kwalba a matsayin abincin rana, a gaban kowa za ta wanke ka tas. Ni ma mun sha yi da ita kan makara. Ba ta karɓar yaran da suka fi ƙarfin hannunta da na mata biyun da ke taya ta. Na ga ta mayar da jikar ƙanwarta, ta ce wuri ya cika. Ƙanwar ta yi fushi, Malama ta ce, "Yaro ba kaya ba ne da zan jibge a ɗaki. Wanda idona ba zai kai kansa ba, ba zan karɓe shi ba." Ƙofarta kuma ba a kulle wa uwa, ko wane lokaci kika ga dama ki faɗo. Shi ya sa har daga Narayi da Sabon Tasha ake kawo mata yara. Ranar ta'aziyya Maman Blessing, wadda ɗiyarta ta tashi a gidan, ta fi mu duka kuka.

Yanzu an rufe wurin. 'Ya'yanta suna da nasu ayyukan, matan da ke taya ta kuma sun ce ba za su iya riƙe shi su kaɗai ba. Ban ga laifinsu ba. Na zaga Makera da Trikania goye da Nana ina neman inda zan sa ta. Wani wurin aka tare ni a ƙofa, wai iyaye ba sa wuce nan. Wani na ga mace ɗaya da jarirai sun fi ƙarfinta, idonta a kan waya. Wani kuma da na nemi a nuna mini inda yara ke kwanciya sai aka haɗe rai. Duk na juyo.

Ogan kamfaninmu ya kira ni ya ce haƙurinsa ya ƙare, ko in fito ko a sa wata. Babansu ya ce, "Rabi, ki kai ta ko'ina ne mana kafin a samu na kirki, kin san halin da gidan nan yake ciki." Na san halin da ake ciki, ni ke dafa abincin. Amma na riga na ga abin da "ko'ina" ya yi wa ɗana guda. An sa wata a gurbina a makon jiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san yadda za mu yi ba, sai dai Nana tana gabana, idonta biyu.

Allah ya jiƙan Malama Asabe, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata kabarinta. Yadda ta tausaya wa waɗanda ba su da bakin kai ƙara, ya Allah ka tausaya mata. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin wannan rashi, ka tsare bayanta. Ƙananan da ta bari kuwa, waɗanda iyayensu ba su da ikon zama da su a gida, sun watsu gidajen da ba mu san cikinsu ba. Ya Allah ka zama gatansu a can. Amin.