Wuƙar da Aka Miƙa wa Illo

Na yi shekaru a Turai ina karanta dokar yaƙi ta duniya. Can aka koya mana cewa babbar kotun duniya ba ta gurfanar da wanda bai cika shekara goma sha takwas ba lokacin da ya yi ɓarna. Na haddace, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa, ina ruwansa da shekarun maharbin?

Da na dawo Sakkwato na san Illo, mai fiɗa a rumfar mahauta ta Gawon Nama. 'Yan bindiga sun ɗauke shi daga gona tun bai fara azumi ba, suka rataya masa bindiga. Bayan shekaru ya gudo. Bai san shekarunsa ba. Da rana yakan zauna yana kallon hayaƙin tukuba, ya ce mini har yanzu yana ganin shanun da suka kora suna ƙetare gulbi, ƙahoninsu kaɗai a saman ruwa, ba mai ko kuka.

Fiɗa kawai yake yi, ba a yarda ya yanka ba. Lantana mai tuwo, wadda aka kashe wa ƙane a irin wannan hari, ta rantse ba za ta dafa yankansa ba.

Wata safiya Baba Jelani, babban rumfar, ya miƙa masa wuƙa, ya nuna masa wani rago.

"Baba, wanga za ka ba?" in ji Lantana. "Ai ya ƙware tun daji!"

"Ke dai tsaya ki gani, ɗiyata."

Illo ya ɓoye wuƙar a bayansa kada ragon ya gani. Ya ba shi ruwa, ya jira har ya ƙoshi. Ya kwantar da shi ta alƙibla, ya rufe masa ido da kunnensa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya yi bisimilla.

Lantana ta daɗe a tsaye. Ba ta taɓa tsokar ba. Ta ɗauki kayan ciki kaɗan a kwanonta, ta tafi ba sallama.

Da ya wanke hannu na tambaye shi, "Illo, da za a yi maka shari'a, wa kake so ya zama alƙali?"

Ya dubi hanyar da Lantana ta bi.

"Malam, ai ana yi. Kullum da sahe take zama. Ba ta yanke ba tukuna."