Ruwan Gwankaye

Kawuna ya fara gadin gandun daji tun yana saurayi, kuma can na same shi da furfura bayan na dawo daga karatu. Injin da ke cika kwamin dabbobi ya mutu, hukuma ta ce babu kuɗin gyara. Kawu ke turo jarkoki a keke daga rijiya, domin gwankin da ƙishi ya kora gonaki ba ya dawowa da rai.

"Kawu, gwiwarka fa ta kumbura."

"Da gwiwa suke sha? Ɗan boko, kama min."

A hawan tudu ya durƙushe, ya kasa tashi, idonsa a kan sabon sawun gwanki da ya nufi shingen gonaki. Ya ce, "Bar ni nan, wuce da ruwan."