Ranar da Hajara Ta Zo Kitso

A Roni muka tashi, a gidan kakarmu Iya Dudu. Da an idar da magariba sai ta zauna bakin murhu tana gasa mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi."

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ta wata ungozoma mai sa'ar hannu. Duk garin ita ta yanke musu cibiya. Wata rana damuwa ta tokare mata ƙirji, ta yafa mayafi ta shiga gida-gida neman wadda za su zauna su biyu. Duk inda ta yi sallama sai a kira yara da maƙwabta su gaishe ta, a cika mata ƙwarya da gero. Ta fito da kaya niƙi-niƙi, ba ta faɗi komai ba. Ta hau tsauni ta zauna, har ta zama dutse.

Mu dariya muke yi. Na ce, "Iya, ga gero, me kuma take nema?" Ta juya gyaɗarta ta ce, "Ke dai ci, Ladi."

Autata Hajara na tsaya tsayin daka ta yi boko, ni da ban taɓa riƙe fensir ba. Yau babbar nas ce a Kazaure. Mijinta ma'aikaci ne, ba duka ba zagi. Ina taƙama da ita, kowa ya sani.

Bara ta zo ba zato, ranar aiki, wai in yi mata kitso. Ban tsaya na tuna Kazaure cike take da masu kitso ba. Na aika aka kira matan unguwa, wannan da ciwon gwiwa, waccan da takardar magani. Duk ta saurare su, kanta a cinyata. Da ɗakin ya lafa ta ce a hankali, "Inna, a gidana ba mai tambayata yaya na wuni." Na ji ɗumin hawaye a zanina. Na ce ta gode wa Allah, mata nawa ke neman irin gidanta. Sai wata ta yi sallama, na ce ta shigo.

Tun daga ranar ba ta sake kawo mini kanta ba. Tana aiko da shinkafa, tana waya ta tambayi hawan jinina. In na ce ke fa, sai ta ce lafiya lau, yadda take gaya wa kowa.

Shekara da shekaru ina ba da wannan tatsuniya, ina ɗora laifin kan mutanen gari. Ban taɓa tambayar Iya ko ungozomar ta biya ta ƙofar uwarta ba.