Cikin da Ya Ƙi Tasowa

Tun ina budurwa a ƙauyenmu na wajen Yekuwa nake da wani tsoro: kada jikina ya zama irin gonar da shuka ke tsira ta tsaya nan. Na ga gero ya yi haka a shekarar fari.

Da na samu ciki na farko, sai ya zauna shiru. Wata ya tsaya, wata ya ɓace, zanena yana ɗauruwa inda ya saba. Mata a bakin rijiya har yaba mini suke: "Ke kam kin iya kunya, ko alama babu!" Uwar mijina ta ce in rage tuwo, ƙaramin ɗa ba ya wahalar da uwa wajen fita. Na rage. Da rana in na jingina da rumbu, sai in riƙa ganin ɗan da ke cikina kamar ɗan tsako yana shawagi cikin ruwa mai ɗumi, ina kira, yana ƙara nisa.

Yayata da ke aure a Magarya ta zo, kallo ɗaya ta yi mini ta sa ni a mota. A gidan likita wata ungozoma mai farar riga ta kwantar da ni, ta ja mitir irin na tela daga ƙasan mara zuwa inda cikin ya ƙare. Ta kafa ɗan ƙaho a kan cikin, ta kara kunne ta saurara.

"Yana nan. Amma awo ɗaya ba ya magana, ƙanwata. Ki dawo."

Da na dawo, babban yatsanta ya sauka a kan mitir kusan inda ya sauka wancan karon.

"Wa ya ce ki rage ci?"

"Inna."

"Inna ce a cikin nan? Ba ki komawa ƙauye sai kin sauka."

Na zauna wurin Yaya. Wake, nono, ƙuli-ƙuli, kwanciya ta gefen hagu ina kallon inuwar darbejiya tana rarrafe a bango. Haka yatsan nan ya riƙa matsawa a kan mitir, kaɗan-kaɗan.

Mace ce. Ta zo 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na ɗan akuya daga nesa. Ta rayu.

Yanzu an ce akwai na'ura mai leƙa ciki, ta auna kan ɗa da cinyarsa. In akwai mai ciki a gidanku, don Allah ku kai ta awo, kuma ku sake kai ta.